Duwatsun Bayan Coci

A ƙarshen shekarun saba'in muka sauka Greensboro, a Amurka, ni da maigidana. Shi karatun aikin gona ya kawo shi. Ni kuwa sai da na yi wata shida a ɗaki ina kallon motocin titin Wendover ta taga, kafin na samu gurbi a sashen koyon aikin laburare. Ba mu da mota a shekarar farko. Bas nake shiga zuwa cikin gari, in sauka a titin Elm, in jira wata ta kai ni makaranta.

A wurin jiran nan na san Mama. Ranar na karɓo tafiretata daga wurin mai gyara, na rungume ta kamar jaririya saboda hannun akwatin ya tsinke. Wata dattijuwa baƙar fata, doguwa, da hula mai ɗan fure a gefe, ta ƙare mini kallo, sannan ta matsa ta ba ni wuri a benci.

"Kin iya bugawa da abin nan, ko ɗauka kawai kike yi?"

Na ce na iya. Kalmar girmamawar da suke faɗa wa mata a can, da ta fito daga bakina na Bakanuwa, sai ta yi kama da Mama. Ta yi dariya ta ce ta karɓa, kada in gyara. Haka na ci gaba da kiranta har muka rabu, ita kuma tana ce mini 'yata.

Kuku ce a wani babban gida a Irving Park, unguwar masu kuɗi, ta fi shekara talatin tana dafa musu abinci. Kafin motarta ta zo ta riga ta gaya mini abin da ke ranta. Cocinsu na ƙauye zai cika shekara ɗari. Suna so su buga ɗan littafin tarihinsa, su raba wa 'ya'yansu da ke zuwa daga biranen arewa sau ɗaya a shekara. Ita ce magatakarda, amma rubutun hannunta ya lalace, kuma a cikinsu babu mai tafireta.

"Mama, ni Musulma ce fa."

"Ai ban ce ki zo ki yi mana waƙa ba. Bugawa na ce."

Da na gaya wa maigidana, ya daɗe yana juya cokali a shayi. Daga baya ya ce taimakon tsohuwa ba laifi ba ne, in dai ba zan zauna a cikin ibadarsu ba. Ranar Asabar wani ɗan'uwan Mama, wanda na riƙa kira Baba, ya zo da tsohuwar akori-kurarsa ya ɗauke mu, ni da Mama. Mu uku muka matsu a gaba. Baba ba mai magana ba ne. Ya yi ritaya daga masaƙa, ƙarar injuna ta cinye masa kunne ɗaya, don haka in za ka yi masa magana sai ka zagaya ta dama.

Tafiyar kusan rabin awa ce daga gari. Kwalta ta ƙare, muka bi jar hanya tsakanin gonakin taba, sai ga shi a ƙarƙashin wasu manyan itatuwa. Ni da na ji an ce coci, na zaci zan ga irin na Sabon Gari, mai hasumiya da tagogin gilashi masu launi. Wannan bai fi ajin firamare biyu ba. Na katako ne, an shafa masa farin fenti da ya fara ɓarewa, yana zaune a kan duwatsu har kana iya hango hasken ɗaya gefen ta ƙarƙashinsa. Allo a bakin ƙofa ya nuna cocin Metodis ne. A ciki akwai bencina goma sha biyu, da murhun ƙarfe na jin ɗumi a tsakiya, da wata tsohuwar fiyano da ke ƙin fitar da sauti uku. Ƙararrawar ba a sama take ba, a kan turaku biyu aka rataye ta a tsakar fili.

A bencin baya muka riƙa zama duk Asabar, tana faɗa ina rubutawa, in koma gida in buga. Takardu ba su da yawa, domin ginin farko ya ƙone da duk littattafansa tun tana yarinya. Abin da ya rage yana kanta.

Ta ce a zamanin bauta mutanensu a can saman bene suke zama a cocin Turawa, su shiga ta ƙofar baya, ba sa fita sai kowa ya watse. Da 'yanci ya zo, kakanta da wasu magidanta suka ce sun gaji da hawa bene. Suka sari rassa suka kafa rumfa kusa da wani marmaro, a gefen gonar Baturen da a da shi ne ubangijinsu. Shekaru suka yi a ƙarƙashin rumfar, in ruwa ya sauko su jiƙe, kafin mai gonar ya yanka musu ɗan fili ya ba su takarda. Suka yi ginin gungume. Shi ne wanda ya ƙone, wata Lahadi da sanyi, daga bututun murhu. Na biyun, wanda muke zaune a ciki, maza suka yanko katakonsa daga dajin da ke baya, mata suka ɗebo duwatsun gindinsa daga rafi a cikin zannuwan gabansu. Mama tana cikin yaran da suka ɗebo ƙanana. Ranar Lahadi coci ne, sauran ranaku makaranta. A bencin da muke kai ta koyi karatu, ta nuna mini inda ƙaninta ya sassaƙa da wuƙa aka zane shi.

"A lokacin in kin makara ba ki samun wurin zama. Maza a waje suke tsayawa suna leƙe ta taga."

"To ina suka tafi, Mama?"

"Arewa. Masaƙa. Yaƙi. Wanda duk ya samu hanyar barin gonar taba ya bar ta, kuma ban ga laifinsa ba. Ni ma ai na bar ta."

A lokacin da na san su, masu zuwa duk mako su goma sha ɗaya ne, ƙaramar cikinsu ta haura hamsin. Fasto ba nasu ba ne su kaɗai. Coci uku yake zagayawa, yakan zo musu Lahadi biyu a wata, kuma duk bayan 'yan shekaru sai a ɗauke shi a kawo wani. Jerin fastocin nan shi ya cinye shafi huɗu na littafin.

Littafin ya fito da bango mai ruwan ƙasa, shafi ashirin da huɗu. Ranar bikin, cikin watan Agusta, mun je da maigidana bayan sun gama ibada. Ban gane wurin ba. Motoci masu lambobin New York da Philadelphia da Washington sun cika har bakin gonar taba, an jera tebura a inuwa, yara na tsere tsakanin itatuwa. Mama ta ja ni gefe ta nuna mini wata tukunya da ta ɓoye a ƙarƙashin tebur. Ganye ne ta dafa mana daban da naman talo-talo, domin nasu da alade suke yi. Mutane suka riƙa zuwa suna riƙe mini hannu, suna nuna mini sunan kakansu a shafi. Kafin la'asar sakaliya duk sun watse. Aka bar tsofaffi goma sha ɗaya da faranti a hannu suna tattarawa.

A ranar ne, muna naɗe mayafan tebur, Mama ta ce, "Wannan na fastoci ne muka rubuta. Tarihin yana baya. Zo ki gani."

Ban taɓa shiga maƙabarta ba a rayuwata. A gida mata ba sa zuwa. Mahaifiyata ta rasu ina shekara tara, kuma har yau ban san inda take kwance ba, na dai san unguwar. Na tsaya a bakin wurin ina jan ƙafa, ta kama hannuna muka shiga.

Kusa da bangon coci akwai 'yan kaburbura masu rubutu. Daga nan sai duwatsu zalla, irin waɗanda garma ke tonowa a gona, wani kamar kan mutum, wani bai fi tafin hannu biyu ba, an kafa su a tsaye babu ko harafi ɗaya. Suna tafiya layi-layi har gindin wata doguwar bishiya mai ganye kamar allura. Bayan bishiyar daji ne, amma duwatsun ba su tsaya ba. Sun shige cikin itatuwa, wata ciyawa mai yaɗo da shuɗin fure ta lulluɓe su. Mama ta ce waɗancan sun girmi cocin. A nan ake binne bayi tun kafin a yi rumfar rassa, shi ya sa ma kakanta ya zaɓi wurin.

"Kakata ta zagaya da ni tun ina ƙarama, duk shekara, ta ce wannan wane ne, wannan wance ce. Mu uku ta koya wa. Biyun suna nan kwance."

Na ce mata a wurinmu ma ba a rubuta suna, ɗan fasasshen tulu ake kafawa, bayan shekaru a manta, kuma ba mai damuwa domin Allah ya san kowa.

"Ya sani, 'yata. Amma ƙasar nan takarda suke tambaya."

Muka shirya zan zana taswirar wurin, kowane dutse da lamba, kowace lamba da suna. Asabar ta farko Mama ta nufi cikin dajin kai tsaye. Ta ce a fara da tsofaffin kaburbura. Ni kuwa da ɗanyen karatuna na laburare na ce a'a, aiki ba ya kyau sai da tsari. Mu fara daga bangon coci, in auna daga nan, mu bi layi ɗaya bayan ɗaya har mu isa daji, in ba haka ba taswirar za ta karkace. Ta dube ni, ta dubi dajin, ta ce, "To, ke ce mai ilimin." Muka dawo bango.

Na zaci aikin wata biyu ne. Mama ba ta iya faɗin suna ta wuce. Sai ta tsaya a kan dutse, ta dafa sandarta, sannan ta fara. Wannan ungozoma ce, ita ta karɓi haihuwar rabin mutanen da ke kwance a layin. Wannan alfadari ne ya harbe shi a ƙirji yana ɗan shekara sha tara, matarsa na da ciki, ga ɗan nan a layi na huɗu, ya tsufa bai ga ubansa ba. Waɗannan ƙanana guda uku a mako ɗaya zazzaɓi ya kwashe su, uwarsu ba ta ƙara shiga coci ba, amma duk Lahadi tana zuwa ta zauna a nan waje har a tashi. Wani lokaci dutse huɗu muke yi rana ta yi zafi, gwiwoyinta su ce sun gaji.

Wata rana na kasa haƙuri.

"Mama, ki ba ni sunayen kawai mu wuce. Labaran mu yi su a gida, a zaune, ga rikoda."

"Na gwada a gida. Ba sa zuwa. Sai na tsaya a kai, na tuna ta wane gefe kakata ta tsaya, sannan sunan yake faɗo mini."

Ga shi kuma ba kowace Asabar ake samu ba. Da zafi akwai macizai da kaska, Baba ya hana mu shiga ciyawa. Da sanyi ƙafafunta ba sa yarda. In masu gidan Irving Park suna da baƙi, ba ta da Asabar. Ni ma na samu ciki mai laulayi, na haihu, ga jarrabawa, ga jego ba uwa ba kaka, sai Mama da ke zuwa bayan ta tashi daga aiki ta gasa mini jiki da tawul. Na ƙara haihuwa. Shekara uku da wani abu muka ɗauka kafin muka iso gindin doguwar bishiyar. Ranar Mama ta dafa ta ta ce, "In sanyi ya wuce, sai tsofaffi."

Kafin sanyin ya wuce Baba ya zo gidanmu da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi zama. Ya ce ya je share ganye ya tarar da turaku masu jan ƙyalle an kafa su a jere, sun bi ta gindin bishiyar sun raba maƙabartar biyu. 'Yan safiyo, masu awon filaye, ne suka zo. Jikokin mai gonar, waɗanda ba su ma zaune a jihar, sun sayar da gonar duka da dajin ga wani kamfani mai gina manyan ɗakunan ajiye kaya.

Muka je ofishin filaye a cikin gari, ni da Mama da Baba da faston lokacin, wani saurayi mai kirki da bai fi wata takwas da zuwa ba. Matar da ke wurin ta ɗauko wani ƙaton littafi ta buɗe mana. Ga takardar nan, da rubutun hannu mai lanƙwasa. Filin coci ya fara daga hanya, ya tsaya a bishiya. Mama ta sa tabarau ta karanta da yatsa, ta sake karantawa.

"Amma ai ya san mutanenmu na ciki. Shi ya sa aka binne su a can. Nasa ne su a lokacin."

Matar ta ce ta fahimta, ta yi mana magana a hankali, amma abin da ke littafi shi ne ke littafi.

Fasto ya samo wani lauya da ya yarda ya saurare mu. Ya ce doka ba ta hana a tashi kabari ba, in an yi sanarwa a jarida kuma an mayar da shi wani wuri cikin mutunci. Hana ginin zai yi wuya. Amma in an nuna kabari nawa ne, da inda kowanne yake, da wanda ke ciki, da dangin da suka rage, to ana iya matsa wa kamfanin ya bar wannan yankin, ko aƙalla kada ya bar kowa a ƙarƙashin siminti. Da murna na zaro taswirata na shimfiɗa masa a tebur. Ya bi ta da biro, layi bayan layi, har ya zo ƙarshen takardar.

"Wannan duk cikin filin coci ne. Ba wanda zai taɓa su. Ina na cikin dajin?"

Mama ce ta ce, "Ba mu kai ba tukuna." Ba ta dube ni ba, kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, a ranar ko bayanta. Da ta yi mini faɗa da na fi samun sauƙi.

Muka yanke za mu shiga dajin ranar Asabar tun da safe, mu haɗa da Lahadi, Mama ta roƙi hutun mako guda. Maigidana ya ce zai zauna da yara. Na sayi takalman roba na sayi igiyar awo. Ranar Alhamis da hantsi uwar gidan Irving Park ta shiga kicin ta tarar da Mama a ƙasa, jingine da kabad, ruwan famfo na zuba.

Shanyewar ɓarin jiki ce, gefen dama. Da na je asibiti ta gane ni sarai. Idonta ya bi ni tun daga ƙofa, ta ɗaga hannun hagu ta kama mayafina. Ta buɗe baki, sai wani sauti ya fito, guda ɗaya, kamar farkon kalma. Ta sake, shi ne dai. Likita ya ce hankalinta na nan, ta san abin da take so ta faɗa, hanyar fitarsa ce ta toshe. Wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Na ba ta biro a hannun hagu, ta ja wasu layuka da ba su zama komai ba, ta jefar da shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro ya faru ranar Lahadi. Tsofaffin cocin suka zo suka kewaye gadon suna rera wata waƙarsu, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Sai ga muryar Mama a ciki, kalma bayan kalma, tsaf, har ƙarshen baiti. Na ruga na durƙusa a gabanta.

"Mama, wa ke bayan bishiya? Na farko, na hannun dama. Ki rera shi, Mama. Ki sa shi a waƙar."

Ta dube ni, ta buɗe baki. Sautin nan guda ɗaya ya fito. Wata tsohuwa ta dafa kafaɗata ta ce in bar ta ta huta.

Sanarwa ta fito a jarida, kwanakin da aka ba mu suna ta tafiya. Na bi tsofaffin nan gida-gida da littafina. Kowa ya san nasa yana can ciki, kakan kaka ko wata gwaggo, amma wane dutse, sai su ce Mama ce ta sani. Baba ya san guda biyu, ɗayan ma yana kokwanto. Na rubuta wasiƙu zuwa arewa ga waɗanda suka riƙe mini hannu ranar biki. Mutum huɗu suka amsa, duka da addu'a da fatan alheri.

Da aka sallamo ta, na tuna abin da ta ce, sai ta tsaya a kai sunan yake zuwa. Na roƙi ɗanta, wanda ya zo daga Philadelphia, ya bari mu kai ta. Bai so ba, amma ya yarda. Keken guragu ya kai bishiya ya ƙi gaba saboda saiwoyi. Aka ɗauko kujerar fasto daga cikin coci aka ɗora ta, ɗanta ya kama gefe ɗaya, maigidana ya kama ɗaya, Baba na gaba yana sare ƙaya. Ni ina biye da littafi a buɗe.

Ta san wurin. Tun kafin mu ga dutse take nuna shi da hannun hagu, Baba ya yaye ciyawa, sai ga shi. Wani wurin ma babu dutse, ɗan lotsawar ƙasa ce kawai, ta bugi hannun kujera har sai an tsaya. A kan kowanne takan karkata kai, in ga sunan ya zo mata, ina ganinsa a fuskarta. Sai ta buɗe baki. Na sa lamba, na bar gurbin suna. Na sa wata lambar. A wani ɗan dutse mai fari-fari ta ƙi bari a wuce. Ta nuna shi, ta nuna ƙirjinta, ta sake nuna shi, hawaye na bin gefen fuskar da ya mutu. Ɗanta ya durƙusa yana jero mata dangi, kakarki ce, yayar kakarki ce, wani ɗa ne kika rasa ba mu sani ba? Kowanne ta girgiza kai. Har yau ban san wanda ke wurin ba. Mun kai wuri talatin da bakwai ta gaji, kanta ya faɗi gefe, ɗanta ya ce ya isa haka. Dajin kuwa da saura.

Lauya ya kai lambobina. An karɓa, an gode, aka ce ba tare da sunaye da magada ba, ba za a iya tsayar da aiki ba, amma za a tashi duk wanda aka samu. Wata safiya cikin kaka ma'aikata suka zo da ƙaramar motar haƙa da shebur. Ba mugaye ba ne, sun cire huluna da fasto ya yi addu'a. Ni da Baba muka tsaya a bayan igiya. Bayan shekaru sama da ɗari a jar ƙasar nan ba a samun ƙashi sosai. Inda ƙasa ta yi baƙi, nan suke ɗiba su zuba a ɗan akwatin katako, wani lokaci da maɓalli ko tsatsattsiyar ƙusa. Akwati ashirin da shida suka cika. Na ce wa shugabansu talatin da bakwai ta nuna, kuma ba ta gama ba. Ya ce, "Baiwar Allah, mun haƙa duk inda kika sa alama. Abin da muka gani ke nan." Duwatsun kuwa an tara su gefe guda kamar za a yi gini. Baba ya shiga ya ɗauko mai fari-farin nan ya sa a bayan motarsa, ba wanda ya hana shi.

An binne akwatunan a jere a bakin shinge, cikin filin coci, da allon dutse guda ɗaya mai cewa ba a san sunayensu ba. Makonni kaɗan bayan haka katafila ta shiga dajin. Marmaron ma an toshe shi.

Cocin bai daɗe ba bayan nan. Manyan motoci suka riƙa wucewa ta gefen tagogi har da ranar Lahadi, katakon na girgiza. Masu zuwa suka koma bakwai, suka koma biyar. Baba ya daina tuƙi saboda ido, kuma shi ne mai kwaso uku daga cikinsu. Shugabannin cocin na yanki suka zo suka zauna da su, suka ce a haɗe su da wani babba a cikin gari. Ba wanda ya yi musu. Baba ya ce mini ya so ya ce wani abu a taron, amma ta gefen kunnensa na hagu suka zauna, kafin ya gane inda maganar ta kai an riga an rufe da addu'a. Na je ranar ibadar ƙarshe na tsaya a waje, kamar yadda na yi wa maigidana alkawari tun farko. Da suka fito, fasto ya kulle ƙofa ya rasa wanda zai ba makullin, sai ya sa a aljihu.

Mama ba ta ga wannan ba. Ɗanta ya riga ya tafi da ita Philadelphia, domin babu mai kula da ita a nan. Ni na naɗe mata kaya. Ranar tafiyar an kwantar da ita a kujerar baya da matasai, na sa kai ta taga na ce ta yafe mini. Ta shafa kan ƙaramar 'yata da ke bayana, ta shafa nawa, motar ta tashi.

Maigidana ya gama karatu a ƙarshen shekarun tamanin muka dawo Zariya. Muna da wata bakwai da dawowa wasiƙar ɗanta ta iso, ta fara zuwa tsohon gidanmu na Wendover kafin wani ɗalibi ɗan Nijar ya sako ta a wata ambulan ya turo. Mama ta rasu tun cikin sanyi. Ya ce sun so su kawo ta gida kusa da mijinta, amma da suka tambaya aka ce cocin a rufe yake, ba su san wa za su nema ya ba da izinin haƙa ba, ga dusar ƙanƙara ta rufe hanya, sai suka binne ta a can. Na karanta a tsaye a ƙofar kicin. Maigidana ya karɓa ya karanta, ya ninke, ya tambaye ni ko akwai wanda ya kamata mu yi wa ta'aziyya. Na yi tunanin Baba, amma ba shi da waya, kuma idonsa ba ya barinsa ya karanta wasiƙa.